Kwaɗayin Kuɗi Ne Ya Raba Maƙwabta

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in amayar da abin da ke cina tun wasan buɗe kakar 2022, tsakanin jami'ar Pittsburgh da ta West Virginia a Amurka. Wasan nasu ba irin namu ba ne: rungumar ƙwallo ake yi a sheƙa da gudu, abokan karawa na neman kayar da mutum.

Ni West Virginia nake goyon baya. Ranar 1 ga Satumba muna gaba da maki 31 da 24, sai aka rama. Saura kamar minti uku, ƙwallo ta suɓuce daga hannun ɗan wasanmu, M.J. Devonshire ya cafe, bai tsaya ba sai gidanmu. Aka tashi 38 da 31. Wallahi daren nan tuwo bai ciwu ba.

To amma jama'a, kaye ba komai ba ne, don a 2023 mun rama da 17 da 6. Abin takaicin shi ne, maƙwabtan nan da kilomita 120 kacal ke tsakaninsu, tun 1895 suke karawa. Bayan 2011 kowacce ta sauya rukunin gasa tana bin kuɗin talabijin, aka shekara goma ba a haɗu ba. Ranar da aka dawo, mutum 70,622 suka cika fili maƙil.

Don haka ina kira ga shugabannin jami'o'in biyu, kada su sake sayar da gadon kakanni. Gara a kayar da mu kowace shekara da a hana mu karawa.

Naku,
Mai goyon bayan West Virginia.