Alkama: Tsakanin Cikar Buhu da Tashin Kwaɓi

Manomin alkama buhu yake ƙirgawa. Mai gidan burodi kuwa kwaɓi yake dubawa: ya ja shi tsakanin yatsunsa ya ga ko zai miƙe ko zai tsinke, domin kwaɓin da bai riƙe iskar yis ba, ba ya tashi a tanda. Masana kyautata iri sun shafe shekaru suna neman tsiro ɗaya da zai biya wa mutanen nan biyu buƙata, kuma har gobe aikin da sauransa.

Ta fannin yawan amfani aka fara cin nasara. Alkamar da can doguwa ce, da an ba ta taki sosai sai zangarniya ta yi nauyi, kara ya kwanta, amfani ya lalace a ƙasa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kai wani gajeren iri na Japan mai suna Norin 10 zuwa Amurka, daga nan jininsa ya isa hannun Norman Borlaug a Meziko. Ƙwayoyin gadon da ke gajarta karan, waɗanda ake kira Rht, suna sa tsiro ya rage kashe ƙarfinsa wajen tsawo, ya zuba shi a tsaba. A 1966 Indiya ta sayi tan 18,000 na gajeren irin Meziko, kuma a 1970 aka ba Borlaug kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Sai dai an daɗe da lura cewa idan amfani ya ƙaru, yawanci furotin ɗin cikin ƙwaya, wanda ke ba kwaɓi ƙarfi, raguwa yake yi. Sinadarin naitirojin da saiwa ta tsotso don gina furotin ana raba shi ne ga ƙwayoyi masu yawa, sitaci ya cike gurbin, kamar miyar mutum biyar da aka ƙara wa ruwa don ta ishi goma.

Kuma yawan furotin kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba wane iri ne. Peter Payne da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun nuna a shekarun 1980 cewa alkamar da ke ɗauke da nau'in furotin mai lamba 5+10 ta fi mai 2+12 ƙarfin kwaɓi. Tushen wannan bambanci yana rukunin gado na D, ɗaya daga cikin rukunai uku, A da B da D, da alkamar burodi ta gada daga ciyayi uku. Alkamar durum da kamfanoni ke yin taliya da ita ba ta da wannan rukuni sam.

Wani abin ban sha'awa ya fito daga alkamar daji ta Gabas ta Tsakiya. A 2006 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gado Gpc-B1, wadda ke hanzarta bushewar ganye ta kwashe furotin da zinki da sinadarin ƙarfe zuwa cikin tsaba. Yawancin alkamar noma ta rasa nau'inta mai aiki tun zamanin kakanni. Amma ita ma da farashinta, don saurin nuna kan rage girman ƙwaya a wasu gonakin. Tun da aka wallafa taswirar gadon alkama a 2018, mai ƙwayoyin gado sama da 107,000, ya ƙara sauƙi ga masana su gwada ɗan guntun ganye su san abin da tsiro ya gada tun bai fitar da kai ba.

A ƙasar Hausa, inda alkaki da gurasa da funkaso suka daɗe a akushi, babban abokin gaba zafi ne. Alkamar rani ta Kadawa da Haɗeja da sanyin hunturu ta dogara, in zafin Maris ya riske ta tana zuba ƙwaya sai tsabar ta motse, nauyi ya ragu. Shi ya sa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ke gwada irin da ke jure zafi, malaman gona kuma ke matsa wa manoma su yi shuka tun tsakiyar Nuwamba.