Dutse a lokacin bazara: Garin da matafiya ke wucewa a guje

Mafi yawan matafiyan da ke bin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri iyakarsu Shuwarin. Nan za su tsaya su sayi dabino da ruwan sanyi, direba ya ƙara wuta. Ƙalilan ne ke karya kan mota su shiga Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, duk da cewa tafiyar 'yan mintuna ce daga wurin.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas, ba mai son ƙara ko kilomita ɗaya a kan tafiyarsa. Sai dai garin na da abin gani ko a wannan yanayi, muddin baƙo ya tsara yininsa daidai da tafiyar rana.

Hantsi a Garu

Dutse ya samo sunansa ne daga manyan duwatsun da suka kewaye shi. Ana masa laƙabi da Gadawur, sunan da tarihin baka ke dangantawa da yawan gada a dajin wurin a zamanin da.

Tsohon garin, wato Garu, yana cikin duwatsun ne, kuma can fadar Sarkin Dutse take, da zane-zanenta masu launi irin na ginin Hausa. Sarki na yanzu, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi, ya gaji mahaifinsa, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023. Baƙo kan nemi izinin fadawa kafin ya shiga ko ya ɗauki hoto.

Mai son hawa duwatsun sai ya yi sammako. Da hantsi ya dubi ludayi dutse ya fara ɗaukar zafi, kafin azahar kuwa ko tafin hannu ba ya ɗoruwa a kansa. Daga sama ana hango sabon garin da ya bunƙasa bayan ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agustan 1991, da itatuwan dabino da suka yi wa garin ƙawanya.

Tsakar rana a inuwa

Daga ƙarfe 12 zuwa la'asar lokacin fakewa ne. 'Yan gari ma a gindin darbejiya da rumfuna suke yini. Yawo a irin wannan rana na iya jawo ƙarewar ruwa a jiki da jiri har da suma, musamman ga yara da tsofaffi. Ita ma mota tana buƙatar hutu, a duba ruwan lagireto da iskar taya, domin kwalta mai zafi ba ta raga wa tsohuwar taya.

Zafin da ke korar baƙi kuwa shi ne ke nunar da dabino. Dabinon rani na shigowa kasuwa ne daga wajen Fabrairu zuwa Yuni, kuma a Dutse ne cibiyar NIFOR ta kafa reshenta na binciken dabino. Wanda ya zo da bazara ya zo a kan gaɓa.

Yamma a Birnin Kudu

Idan rana ta yi sanyi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba za ta kai mutum Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, kuma wuraren na cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta killace. Akwai kuma duwatsun da ke ƙara kamar kuge idan an buga su.

Irin wannan zane ba ya jure shafa da hannu ko watsa ruwa don hoto ya fito, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan. Gara a nemi ɗan gari ya yi rakiya, a kalla da ido kawai.

Mai niyyar zuwa ya baro Kano bayan sallar asuba ta hanyar Wudil, da isasshen ruwan sha da malafa. Tafiyar ba ta wuce kimanin awa biyu, don haka zai isa Garu tun dutse bai ɗauki zafi ba.