Dilar Gadon Uba

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau zai leƙa wani wuri da ido ba ya gani, wato kan ƙwayar maniyyi, domin mu ga yadda ake ɗaure gadon da uba ke miƙa wa ɗansa.

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ranar da ake fasa dilar gwanjo ya riga ya fahimci rabin darasin. Kayan da za su cika ɗaki, ga su an matse su, an zagaye da ƙarfe. Haka lamarin yake a jikin ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa. Zaren gado da ake kira DNA, wanda ke cikin ƙwayar maniyyi guda, in an miƙe shi zai kai kusan mita 1. Kan da zai ɗauke shi kuwa tsawonsa bai wuce kashi 5 cikin 1000 na milimita ba.

A sauran ƙwayoyin jiki, zaren yana naɗe ne a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Naɗin sako-sako ne, don ƙwayar ta riƙa karanta abin da ke rubuce. Ita kuwa ƙwayar maniyyi matafiyiya ce, babu abin da za ta karanta a hanya. Saboda haka yayin da take nuna a cikin 'ya'yan maraina, sai a zare mafi yawan histon, wasu furotin na wucin gadi su riƙe wurin, daga bisani wani furotin da ake kira furotamin ya karɓa.

Shi furotamin ƙarami ne, amma yana cike da sinadarin arjinin, wanda ke sa ya manne wa zaren kamar maganaɗisu. Bayan haka sai a zo ɗaurin ƙarshe. A cikin siririn bututun da ke kwance a bayan ɗan maraina, ƙwayoyin farar wuta da ke jikin furotamin suna kama juna su kulle. Su ne ƙarfen dilar.

(Kiɗa kaɗan)

Wanda ya fara gano furotamin shi ne Friedrich Miescher, ɗan ƙasar Suwizalan, mutumin da ya gano DNA a 1869. A birnin Basel ya riƙa tattara maniyyin kifin salmon daga kogin Rhine, kuma a 1874 ya bayyana furotamin. Yau likitoci suna amfani da shi wajen karya ƙarfin heparin, maganin hana jini daskarewa, bayan tiyatar zuciya. Yana kuma cikin insulin nau'in NPH da masu ciwon sukari ke yin allurarsa.

Dabbobi sun bambanta. Bijimi da rago nau'in furotamin ɗaya suke amfani da shi. Mutum da doki da ɓera suna da biyu. A jikin ɗan Adam namiji mai lafiya, biyun nan kusan kunnen doki suke yi. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya da yawa, ɗaurin yakan yi sako-sako, zaren ya riƙa tsinkewa, ciki ya yi wuyar shiga, ko ya shiga ya zube.

Idan komai ya tafi daidai, ƙwan mace ne ke fasa dilar. Yana yanke ƙarfen, ya cire furotamin, ya sa nasa histon, gadon uba ya buɗe ya haɗu da na uwa.

To, masu sauraro, a garuruwanmu idan haihuwa ta yi jinkiri, mace ake fara kallo, har a soma zancen ƙaro aure. Alhali namiji yana iya zama lafiya lau a shimfiɗa, maniyyinsa da yawa, amma ɗaurin da ke ciki ya kwance. Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Maigida, in za a je asibiti, ku tafi tare, kai ma a duba ka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.