Tseren Keke: Yadda Matan Turai Ke Tara Ƙarfi a Cikin Ɗaki

Kwanan baya wata ɗalibata 'yar aji shida ta kawo mini hoton wata Baturiya bisa keke a tsakar ɗaki, ta yi sharkaf da gumi, keken kuwa yana kafe wuri guda. Ta ce, "Malama, wannan ina za ta?" Aji ya kwashe da dariya, har da ni. Amma fa tambayar tana da amsa.

A ƙasashe irin su Holan da Beljiyam da Polan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗari ne mai tsanani, dare na yi da wuri, ƙanƙara kuma kan sa hanya santsi. Manyan tsere ba sa kankama sai wajen Maris. To, wadda ta naɗe ƙafa duk tsawon watannin nan, ranar tsere ƙeyar sauran kawai za ta hango. Saboda haka sukan ɗora keken a kan wata na'ura mai riƙe ƙafar baya, wadda ke ƙara wa feda nauyi kamar ana hawan tudu.

Ƙarfin da ƙafa ke bayarwa ana auna shi da wat, watau ma'aunin nan da muke gani a jikin ƙwan lantarki. Da farko mace za ta taka iyakar ƙarfinta na minti 20, a duba wat nawa ta bayar, a rage kashi 5 cikin 100. Abin da ya saura shi ne ma'auninta, kuma a kansa ake tsara aikin makonni masu zuwa.

Aikin kansa ba a yini ana takawa ba ne. Za ta ɗumama jiki na minti 10 ko 15, sa'an nan ta taka da ƙarfi sosai na minti huɗu, har numfashi ya hana ta magana, ta sassauta na minti huɗu, ta sake, kamar sau biyar. Wata rana kuma gudun daƙiƙa 30 ne a kai a kai. Sau biyu a mako ya isa, sauran ranaku a taka a hankali ko a huta, domin a lokacin hutun ne tsoka ke ginuwa. Nan masu garaje ke kuskure. Da yake babu iskar hanya a ɗaka, tilas a kunna fanka, a ajiye ruwan sha kusa. Mai juna biyu ko mai ciwon zuciya kuwa, sai da izinin likita.

Kada ku ɗauka wasa ne. A 2020 wata 'yar Ostireliya, Neve Bradbury, ta ci gasar da kamfanin Zwift ya shirya ta intanet ga masu taka keke a ɗaka, ladanta kuwa shi ne aka ɗauke ta aiki a ƙungiyar ƙwararru ta Canyon-SRAM. A 2024 ta zo ta uku a babban tseren mata na ƙasar Italiya. A shekarar ce kuma abokiyar aikinta, Kasia Niewiadoma 'yar Polan, ta ci tseren mata na Faransa, bayan an yi mako guda ana fafatawa har kan dutsen Alpe d'Huez. Tazararta da Demi Vollering ta Holan, wadda ta zo ta biyu, daƙiƙa huɗu ce tak.