Kafin a Ƙaurar da Filtar Baƙin Mai

Injin ɗan Kwatano ba kullum yake zama daram a motar da aka kawo shi ba. A garejojin Fagge da layukan 'yan sifiya na Sabon Gari an saba da wannan: a sayo injin Toyota a Ƙofar Ruwa, a dasa shi a jikin motar da ba tasa ba, sai an zo ɗaura filtar baƙin mai a tarar ƙarfen shasi ko sandar sitiyari ta tare wurin. Masu manyan janareto a Kantin Kwari da kasuwar Abubakar Rimi ma suna fama da irinta, domin sau da yawa a lungu ake cusa injin, ɓangaren filta ya manne da bango, ranar juye sai an yi rarrafe.

Dabarar da makanikai ke yi ita ce ƙaurar da filtar. A ɗaura wani faifan ƙarfe a gurbinta, a ja tiyo biyu zuwa inda hannu ke kaiwa, ɗaya ya kai mai, ɗaya ya dawo da shi. Dabara ce mai kyau, masu motocin tsere a Turai da Amurka sun daɗe suna yin ta. Inda ake samun matsala shi ne ƙarfin turin mai.

Famfon mai yana zuƙo baƙin mai daga ƙasan inji, ya tura shi ta filta, sannan ya isa metal ɗin karanshaf. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wurin nan, tazarar ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma mai ne kaɗai ke hana su gogar juna. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ta ce inji mai zafi yana son ƙarfin turin mai na kimanin PSI 10 a kowane juyi 1,000 a minti. Duk abin da aka ƙara a kan hanyar man, tiyo ne ko gwiwa ko mahaɗi, yana cin wani abu daga wannan ƙarfin.

Faɗin tiyo shi ne babba. Lissafin gudun ruwa mai kauri ya nuna in aka rage faɗin bututu da rabi, wahalar wucewa tana ninkuwa sau 16, ba sau biyu ba. Shi ya sa ga injin mota ake son cikin tiyo ya kai aƙalla rabin inci, wato wajen milimita 13, kuma ya zama gajere iya yadda zai yiwu. Amma yaron gareji in an aike shi France Road, wanda ya samu da araha shi zai ɗauko, galibi siririn tiyon fetur. Wannan tiyon ba a yi shi don zafin baƙin mai ba, wanda kan haura digiri 100 a cunkoson watan Afrilu. Yakan yi laushi, ya kumbura, wata rana ya fice daga kilif a kan titin Katsina, man inji kaf ya tsiyaye kafin direba ya samu wurin fakin. Da asubar hunturu kuma matsalar ta juya: mai irin 20W-50 da aka fi sayarwa a nan yana yin kauri, tura shi ta siririn tiyo kamar zuƙar kunun tsamiya ne da tsinken shan lemo.

Akwai kuskuren da ya fi wannan saurin kashe inji, wato juya tiyoyin. A filta, mai yana shiga ta ƙananan hujojin gefe, ya fito ta babbar hujar tsakiya. Bayan hujojin gefen akwai wata roba da ke hana mai komawa idan an kashe mota. In aka haɗa a baibai, robar nan sai ta rufe hanya, metal ya yi ta juyi a bushe. Mintuna kaɗan sun isa a ji nokin, kuma daga nan sai maganar wankin karanshaf ko sabon inji.

"Ai jar fitila ba ta kawo ba, Alhaji," in ji makaniki, shi ke nan a rufe bonet. Wannan ba hujja ba ce. A yawancin motoci fitilar mai ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da kimanin PSI 7, alhali inji da ke gudu a hanyar Zariya yana buƙatar wajen 30 ko fiye. Mota za ta iya shafe watanni tana cin metal a hankali, fitila ba ta ce uffan ba. Wurin da aka ɗaura na'urar awon ƙarfin mai ma abin dubawa ne: in tana gabanin tiyoyin, za ta nuna ƙarfi mai yawa daidai lokacin da abin da ke isa inji ya ragu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ma suna kayar da aiki. Tiyo kada ya taɓa salansa ko ya gogi kaifin ƙarfe. Gwiwa mai lanƙwasa a hankali ta fi mai karyewa kai tsaye. A zaunar da filtar bakinta na kallon sama, a cika ta da mai kafin a ɗaura, sannan a sake duba sandar awo bayan tashin farko, tunda tiyoyin sun shanye wani kaso. A kuma tabbatar tsohuwar robar filta ba ta manne a jikin inji ba.

Gejin awon ƙarfin mai na hannu bai kai kuɗin saitin metal ɗaya da ladan aiki ba, amma garejoji da yawa ba su da shi. Mai mota ya nemi a auna masa sau biyu, kafin aikin da bayansa, inji da zafinsa, a silo da kuma a juyi 3,000. Idan bambancin ya wuce 'yan PSI kaɗan, kada ya fita da motar daga gareji sai an sauya tiyo.