Me Ke Sa Mutum Ya Ƙirƙiro Wasan Kwamfuta?

Yau zancenmu a kan wani baƙo ne da ya shigo gidajenmu ba sallama, watau wasannin nan na wayar hannu da kwamfuta waɗanda yara ke kira gem. Daga Gagarawa zuwa Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, da wuya ki shiga gidan da ke da babbar waya ba ki tarar da yaro ya ƙura mata ido yana latse-latse ba, ana kiransa aike yana cewa ga shi nan zuwa. Faɗan da kike yi a kan haka yana da hujja. Amma ko kin taɓa tambayar kanki wane ne ya zauna ya shirya abin, kuma me ya tunzura shi?

Galibi za a ce miki kuɗi ne. Kuɗi na ciki kam, ba mai musu. Sai dai idan kika bi labarin waɗanda suka yi suna a sana'ar, za ki ga da yawansu wani abu ne na gida ya dame su, suka rasa yadda za su faɗe shi sai ta wasa.

Ga misalin wata matar aure a Amurka, Roberta Williams. Tana gida tana renon 'ya'yanta, kuma tun tana ƙarama mai son tatsuniya ce. Ta yi wani wasan kwamfuta wanda rubutu ne zalla babu hoto, ya shiga ranta, ta nemi irinsa ba ta sami abin da ya gamsar da ita ba, sai ta ce bari ta shirya nata. A kan teburin cin abinci ta zana ɗakuna da hanyoyi a takarda, mijinta Ken, wanda ya san aikin kwamfuta, ya shigar da su cikin na'ura. A 1980 wasan ya fito da sunan Mystery House, kuma daga nan kamfaninsu, wanda daga baya aka sani da Sierra, ya bunƙasa. Lura da kyau, 'yar'uwa: labarin nata ne, kuma da takarda da alƙalami ta fara.

A Japan kuwa, Satoshi Tajiri yaro ne mai yawon kamun ƙwari a bayan gari, kamar yadda namu ke bin fara da shinge. Da birni ya cinye filayen, ya so yaran da suka taso bayansa su ɗanɗani wannan daɗin na nema da tarawa. Abin da ya haifi Pokémon ke nan a 1996.

Wata kuma tarihin kakanninta ne ya hana ta sakat. Muriel Tramis baƙar fata ce 'yar tsibirin Martinik, inda aka kai bayi daga Afirka noman rake. Injiniya ce a wani babban kamfanin jiragen sama a Faransa, ta bar aikin ta koma shirya wasanni. A 1987 ta fitar da Méwilo, wanda labarinsa ke faruwa a tsibirinsu, a 1988 kuma ta fitar da Freedom, inda mai wasa ke zama bawa mai neman kuɓuta daga gonar rake. A 2018 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girma.

Amma labarin da na fi so ki riƙe, uwargida, na wata uwa ce mai ɗinki. Ɗanta, Lual Mayen, ɗan Sudan ta Kudu ne da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Uganda. Ya ga kwamfuta wurin da ake yi musu rajista, ya ce wa uwarsa yana son irinta. A wurin da abincin yau ma sai an yi da gaske, wace uwa ce ba za ta ce yaro ya yi mata shiru ba? Ita ba ta ce komai ba. Ta riƙa ɓoye 'yan kuɗin ɗinkinta har shekara 3, sai da suka kai dala 300, ta saya masa. Babu lantarki a inda suke, sai ya yi tafiyar awa 3 a ƙasa kafin ya sami inda zai yi caji. A haka ya koya wa kansa aikin, ya shirya wasa mai suna Salaam. Dalilinsa a fili yake: ya ga abin da yaƙi ya yi wa danginsa, yana son wasan da za a ci nasara a cikinsa ta hanyar tsare rai, ba ta kisa ba. A 2018 aka karrama shi a babban taron masu wasannin kwamfuta a Amurka. Kowa na yaba yaron, ni kuwa keken ɗinkin nan nake dubawa.

Nan gida Nijeriya ma an fara. A 2012 Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a Ikko don a sami wasannin da suka yi kama da rayuwarmu, aka yi na kashe sauro, aka yi na ɗan acaɓa mai ratsa cunkoson motoci. Madalla. To amma wa zai yi na Gizo da Ƙoƙi? Mutumin Ikko bai san su ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Ke 'yar makaranta da ke Gagarawa, kayan aikin suna gabanki kina taka su. Dubi dara da tsofaffi ke yi a gindin bishiya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Wannan doka ce tsararra, kuma duk wasan kwamfuta, komai ƙyalƙyalinsa, doka ce irin wannan aka rubuta wa na'ura. Dubi carafke, yadda take farawa da sauƙi tana ƙara wuya hawa-hawa. Haka masu gem ke tsara matakansu. Dubi noman riɗi da zoɓo, daga shuka zuwa ranar Alhamis da za a kai kasuwar Maigatari: yaushe za a sayar, yaushe za a ajiye, me za a yi idan ruwa ya ɗauke? Turawa sun yi wasannin noma da miliyoyin mutane ke yi, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Abin tsoron shi ne, kakannin da suka san tatsuniyoyi da wasannin dandali suna ta tafiya, yaranmu kuma suna haddace na wasu.

Hanyar koyo ba a rufe take ba. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara, inda ake jera umurni kamar tubali har hoto ya motsa. Wadda ta gama sakandare kuwa, ana koyar da ilmin kwamfuta a makarantar fasahar sadarwa ta jiha da ke Kazaure da kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse. Lissafi da Turanci dai a riƙe su da kyau, don ba a tsallake su.

Uwargida, kashedi ɗaya: akwai caca da ake yi wa rigar wasa. Duk wanda aka ce a zuba kuɗi don a ci kuɗi, ki raba ɗiyarki da shi ko da kuka. Sauran kuwa ki sa musu lokaci, bayan aikin gida da Islamiyya. Sa'an nan ran da kika ga ta daɗe a kan waya, maimakon ƙwacewa, tambaye ta dokar wasan, da abin da za ta sake in da ita ta shirya shi. In ta ba ki amsa mai ma'ana, saya mata littafin rubutu guda, ki tura ta ɗakin kakarta da dare ta rubuto tatsuniya ɗaya, ta sa alama a duk inda Gizo ke da zaɓi biyu, ta kuma rubuta abin da zai same shi in ya bi ɗayan.