Daga Dabokpa Zuwa Ɗakin Bincike: Wa Ke Nazarin Koyar da Lissafi?

Yau muna unguwar Dabokpa ne a birnin Tamale, inda makarantar koyon sana'a ta Dabokpa take horar da magina da kafintoci da teloli da masu aikin lantarki. Duk cikinsu babu wanda zai yi yini guda bai auna, bai ƙirga, bai raba ba. Amma tambayi da yawansu darasin da ya fi ba su tsoro a aji, za su ce maka lissafi.

Yaron da ya ƙiyasta bulon da katanga za ta ci, bai yi kuskure ba, shi ne kuma ake ba wa lissafin iri ɗaya a takardar jarabawa ya yi ta zufa. Ina matsalar take? Neman wannan amsa shi ne aikin masu digiri na biyu da na uku a fannin koyar da lissafi. Su ba sababbin ƙa'idoji suke ƙirƙirowa ba. Zama suke yi a bayan aji, su saurari malami, su duba littattafan yara, su gano daidai inda fahimta ta kauce.

A Ghana, jami'ar Cape Coast da ta Winneba su ne suka daɗe da suna a wannan fanni, kuma duka biyun suna can bakin teku, tafiyar yini guda a mota daga Tamale. Malamai da yawa kan bi tsarin karatun lokacin hutu, su koyar a zangon karatu, su zama ɗalibai idan an rufe makarantu. Mai neman digiri na biyu na MPhil kuwa, bayan darussa sai ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban malamai. Arewa ta samu jami'arta, UDS, a 1992, kuma reshenta na Navrongo, inda ake karantar da lissafi, daga baya ya zama jami'ar C. K. Tedam mai cin gashin kanta.

Buƙatar a fili take. A gwajin duniya na TIMSS na shekarar 2011, ɗaliban ƙaramar sakandare na Ghana sun samu maki 331 a lissafi, alhali tsakiyar ma'aunin 500 ne.

To amma a ganina, masu saurare, babban abin bincike yana nan ƙofar gida. Tsarin ilimin Ghana ya ce a fara koyar da ƙananan yara da harshen yankinsu, a Tamale kuwa Dagbanci ne. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware wa makarantu. Ke nan yaron Zango yana ƙirga kuɗin cefane da Hausa a gida, ya ji Dagbanci a aji, sannan a yi masa jarabawa da Turanci. In ya faɗi, sai a ce ba shi da kan lissafi. Wa ya tabbatar lissafin ne ya kayar da shi, ba harshen tambayar ba?

Ku leƙa kasuwar Aboabo ta Tamale ma. A 2007 aka sauya kuɗin ƙasar, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya. Shekaru bayan haka, mata 'yan kasuwa suna faɗin farashi da tsohon kuɗi, suna karɓar sabo, suna cire sifiri huɗu a ka, kuma canji ba ya ɓata. Wasunsu ba su taɓa zama a aji ba. 'Ya'yansu ne kuma ke kuka da darasin ɗigon desimal.

Irin wannan nazari, na lissafin da ke cikin al'ada da sana'a, yana da manyansa: Ubiratan D'Ambrosio ɗan Brazil, da Paulus Gerdes wanda ya yi nazarin saƙar kwanduna a Mozambik. Masaƙan batakari na arewacin Ghana, masu ƙirga zare suna jera launi, suna jiran nasu mai binciken. Tun daga 2018 kwalejojin horar da malamai irin su Bagabaga suke ba da digiri na shekara huɗu, don haka duk kundin da aka rubuta a kan ajin Tamale yana da waɗanda za su karanta shi kafin su riƙe alli.